Gamba Layi Uku

Taku ɗaya da rabi kwazazzabon da ke bayan ƙaramar sakandaren Tudun Ɗanmaliki ya ci a daminar 1992. A daminar da ta gabace ta, taku bakwai ya ci. 'Yan aji biyu ne suka auna ranar Litinin, goma sha biyu ga Oktoba, da igiya mai ƙulli a kowane taku, malaminsu na kimiyya, Malam Mijinyawa, yana riƙe da bakin igiyar a jikin bango. Sau uku aka sake awon, domin yaran sun ƙi yarda da na farko.

Ƙauyen yana tsakanin Karaye da Rogo, can ciki, nesa da titi. Makarantar aji uku ce a jere, kuma bangon aji biyu ne ya fi kusa da ramin. Ruwan sama yakan gangaro daga falalen dutsen da ke kan tudu, ya ratsa gonar wani dattijo mai suna Maikuɗi, ya taru a bayan ajin, sannan ya faɗa kwazazzabon. Duk faɗawar da ya yi sai ya yagi bakin ramin ya tafi da shi.

Mijinyawa ne ya fara aunawa, shekarar da aka turo shi. A watan Afrilun 1991 taku ashirin da shida ne tsakanin bango da ramin. A Oktoba sun koma goma sha tara. Ya kai wa shugaban makarantar, Malam Barau, lissafin a rubuce. Malam Barau ya karanta, ya cire tabarau, ya ce ranar da suka koma goma sha biyu zai rufe ajin, ya tura yaran Karaye. Ba zai zauna yana jiran bango ya faɗo wa 'ya'yan mutane ba.

Goma sha tara a ɗebe bakwai, goma sha biyu ke nan. Damina ɗaya ta rage wa ajin. Mijinyawa ya kuma san cewa cikin yara talatin da huɗu, waɗanda iyayensu za su bari su riƙa zuwa Karaye ba su kai rabi ba.

Darasin ƙasa da duwatsu ya faɗo a watan Mayu. Littafin yana da kalma biyu da Turanci, ɗaya ta yadda dutse ke ɓarɓashewa a inda yake, ɗaya ta yadda ruwa da iska ke kwashe ƙasa. Yaran kuwa kalma ɗaya gare su, zaizaya, kuma ita suke liƙa wa duka biyun. Sati guda yana zane a allo, da ya yi tambaya sai su haɗe masa su wuri ɗaya.

Ran Talata ya ce kowa ya zo da kara ko itace. Suka hau tudu, suka tara wuta a kan falalen dutsen, yadda ya taɓa ganin wani mai haƙa rijiya ya yi a Rogo lokacin da dutse ya tare masa aiki. Aka bar wutar tana ci sa'a guda. Ya sa aka ture garwashin gefe, ya ja yaran baya, ya sheƙa bokiti huɗu na ruwan rijiya.

Tururi ya tashi. Sai dutsen ya yi ƙara, ƙas, kamar an karya busasshen reshe, ya sake yi, ya sake. Da tururin ya washe, ga tsaga ta ratsa shi, saman ya ɗago kamar ɓawon albasa. Ajin ya rikice. Kowa na son ya zura tsinke a tsagar, masu ƙarfin hali suna ɓamɓaro gutsattsarin da kara suna juya su a ƙasa don zafi.

"Abin da zafin rana da sanyi ke yi wa dutsen nan a shekaru aru-aru, shi muka yi masa kafin a kaɗa tara," in ji Mijinyawa. "To, ku duba. Ya fashe. Ya je wani wuri?"

"Yana nan," suka amsa.

"Wannan ɓarɓashewa ce. Ranar da ruwa ya zo ya ɗauki gutsattsarin nan ya yi gangare da su, ranar ce za ku ce zaizaya."

Hajo ta ɗaga hannu. 'Yar wani makiyayi ce da ke zaune a rugar da ke bayan burtali, kuma ba ta cika magana a aji ba.

"Malam, ashe daka ne da talla."

"Kamar yaya?"

"Daka a tsakar gida ake yi, turmi bai je ko'ina ba. Talla kuwa sai an ɗora an fita da shi."

Lukumanu, wanda ya fi kowa surutu a ajin, ya ce, "Malam, kada ka saurare ta. Ita komai sai ta kai shi ga fura da nono."

"Kai da ke sha kullum ba ka taɓa ƙorafi ba," in ji Hajo.

Mijinyawa ya bar su suka gama dariya. Da suka koma aji ya rubuta kalmomin littafin a allo, a ƙarƙashin ta farko ya sa daka, a ƙarƙashin ta biyu ya sa talla. Daga ranar ba wanda ya sake haɗa su.

Kashegari ya zo da garwar kananzir da ya sa aka raba biyu a tsaye. Rabi ɗaya ya cika da ƙasa tsirara. Ɗaya rabin ya sa ƙasa mai tushen gamba a ciki, ciyawar nan mai tsayi da ake saƙa zana da ita. Ya jingina su a karkace, ya tara kwalba a bakin kowace, ya ba Lukumanu buta ya zuba musu ruwa daidai wa daida. Kwalbar farko ta cika da jan ruwa mai kauri kamar kunu. Ta biyu ta daɗe ba ta sami komai ba, abin da ya ɗiga daga baya kuwa ana hango yatsa ta cikinsa.

Sau biyar aka maimaita, domin kowane benci na son ya zuba da hannunsa. A na biyar ne Hajo ta leƙa taga, ta nuna gangaren da ke bayan ajin.

"Malam, waccan babbar garwar fa?"

Sai kowa ya fara magana a tare. Wasu sun san inda gamba take a bakin fadama. Wasu za su kawo fartanya. Lukumanu ya ce duwatsun da suka fasa jiya ma sun sami aiki. Mijinyawa ya tsaya da alli a hannu. Shekara guda yana kallon gangaren nan bai ga garwa ba.

Gangaren na Maikuɗi ne, kakan Lukumanu. Da la'asar Mijinyawa ya same shi a ƙofar gida, suka gaisa, ya ce yana so yara su yi wani ɗan gwaji a ƙasan gonarsa.

"Ku yi mana, Malam," in ji dattijon. "Wurin ma ba abin da yake ba ni sai tsakuwa."

Bai tambayi wane irin gwaji ba ne, Mijinyawa kuma bai ga dalilin faɗa ba.

Bayan ruwa na biyu, a satin farko na Yuni, suka fita. Mijinyawa ya aro doguwar tiyo irin ta magina, wadda ake hango ruwa ta cikinta. Yaro ɗaya ya riƙe wannan baki, wani ya riƙe wancan, inda ruwan ya tsaya daidai a duka biyun a kafa tsinke. Da aka haɗa tsinkayen, layin ya fito a lanƙwashe, ya gilma gangaren kamar maciji. Aka dasa gamba a jere a kansa, aka tare ƙasanta da duwatsu don su riƙe ta kafin ta kama.

Hajo ta tsaya ta dubi tudun, ta dubi layin.

"Malam, ɗaya ba zai isa ba. Ruwan zai zo da gudu ya tsallake."

"Mu fara da ɗaya," in ji shi. "Gonar mutane ce."

Kwana biyu layin ya yi. Ran Alhamis da safe Mijinyawa ya tarar da gambar a ƙofar aji, an tuge ta gaba ɗaya, an ɗaure dami uku. Wanda ya tuge ta ya naɗe saiwoyin da jiƙaƙƙen buhu don kada su bushe. Duwatsun kuwa suna nan inda aka jera su.

Yaran suka kewaye damman. Mijinyawa ya dubi Lukumanu.

"Tsoho ne," in ji yaron, kansa a ƙasa. "Jiya ya dawo daga kasuwar Rogo ya gani."

"Ba shi ya ce mu yi ba?"

"Ya ce ku yi gwaji. Bai ce ku yanka masa gona ba." Ya ɗago. "Malam, ai gamba iyaka ce. Duk inda ka ga an dasa ta a jere, nan gonar wani ta ƙare, ta wani ta fara."

"Duk kun san haka?"

Suka gyaɗa kai, su talatin da huɗu.

"Me ya hana ku faɗa?"

"Mun ɗauka ka sani. Kai ne malami."

A Fagge aka haifi Mijinyawa, inda iyaka katanga ce. Fiye da shekara yana bin gonakin nan a keke yana ganin layukan gamba, yana ɗauka don zana kawai ake barin su. Ya je ya auna. Tsohuwar iyakar makaranta da Maikuɗi wata tsamiya ce. Layin da suka dasa ya shige ta da taku goma sha biyar.

Malam Barau bai yi faɗa ba. Ya ce makaranta ba za ta yi rigimar fili da maƙwabci ba, kuma maganarsa ta taku goma sha biyu tana nan. Mijinyawa ya fito ya taɓa buhun. Da sauran danshi. Saiwoyin za su iya kwana biyu, ƙila uku. In ba a mayar da su ƙasa a makon nan ba, ba za su kama kafin ruwan Agusta ba.

Da la'asar ya ɗora garwoyin biyu a keke, Lukumanu na biye da buta da kwalabe. Suka tarar da Maikuɗi a gindin tsamiyar iyaka yana gyara ƙotar fartanya, Mai unguwa Shitu na zaune a gefensa. Mijinyawa ya cire takalmi ya durƙusa.

"Barka da yamma, Baba. Ranka ya daɗe, barka da hutawa."

"Barka kadai, Malam. Ya karatu? Ya yara?"

"Alhamdu lillahi. Ya damina?"

"Damina ta yi kyau. Ya baƙunta?"

"Baƙunta ta ƙare, Baba."

"Da saura," in ji Maikuɗi, ba tare da ya ɗago ba. Sannan ya harari jikansa. "Kai kuma, mai ƙwace min mata, ka gama da tsohuwar ka dawo kan gonar?"

"Tsohuwar ita ta zaɓe ni," in ji Lukumanu. "Ta ce kai haƙora sun ƙare."

"Waɗanda suka rage sun isa cizon ka."

Mijinyawa ya ba da haƙuri, ya ce laifinsa ne, bai sani ba. Sannan ya roƙi a bar shi ya nuna abu ɗaya. Ya jingina garwoyin, Lukumanu ya zuba ruwa. Jan ruwa ya cika kwalbar farko, ta biyu ta ɗiga fari. Mai unguwa ya matso ya ɗaga kwalaben yana duba su a rana. Maikuɗi ya ce a sake. Aka sake. Ya karɓi butar ya zuba da kansa, yana murmushi.

"Abin ya yi kyau," in ji shi. "Wallahi ya yi kyau. Amma Malam, tun ba a haifi mahaifinka ba na san gamba tana riƙe ƙasa. Abin da ba ka sani ba, tana riƙe gona."

Ya ajiye butar.

"Ni na yarda da kai. Ba ka zo cin fili ba. To bayan shekara ashirin fa? An mayar da kai wani gari, ni na kwanta dama, Mai unguwa ma haka. Wani shugaban makaranta ya zo, wannan ja'irin ya tsaya ya ce gonar kakansa ta kai tsamiya. Wa za a tambaya? Gamba za a tambaya. Ita ba ta mutuwa, ba a kuma yi mata canjin wurin aiki."

"Za a iya rubuta takarda," in ji Mijinyawa.

"Gara tana cin takarda," in ji Mai unguwa.

"Ka ji," in ji Maikuɗi. "Layi ɗaya na gamba a tsakiyar fili, sunansa iyaka. Daga nan har Rogo ba wanda zai kira shi da wani suna."

Mijinyawa ya fara tattara kwalaben. Ya ɗauki ta farko, ya tsaya da ita a hannu. Kalma ɗaya ce ta maƙale masa a kunne, kuma ya ji ta daga bakin Hajo ranar dashe.

"Baba, layi ɗaya ka ce."

"Haka na ce."

"In uku ne fa?"

Dattijon ya ɗago.

"Ɗaya a inda muka yi," in ji Mijinyawa, maganar na fita da sauri fiye da yadda ya so. "Ɗaya a tsakiyar gonar. Ɗaya can sama, gindin dutse. Duk a lanƙwashe, duk a cikin gonarka. Wanda ya zo bayan shekara ashirin, wanne zai nuna ya ce shi ne iyaka?"

Mai unguwa ya fara dariya a hankali. "Gona mai iyaka uku. Ban taɓa raba irin wannan gardamar ba."

"Ba za a kawo maka ita ba," in ji Lukumanu. "Duk wanda ya gani zai ce aikin tsohon nan ne, ya rikice."

Maikuɗi ya ɗaga ƙotar fartanyar, yaron ya goce. Sannan dattijon ya miƙe, ya taka zuwa inda duwatsun suke, ya bi lanƙwasar da ido har ƙarshenta. Ya daɗe a can. Da ya dawo ya zo da sharuɗɗa uku. Shi zai dasa tushen farko na kowane layi da hannunsa, a gaban Mai unguwa. Gambar tasa ce, shi zai yanka. Kuma damina ɗaya ya bayar, domin kowane layi zai cinye masa kunya biyu ta gyaɗa. In an yi kaka zai duba ya faɗi ko za ta zauna.

Ran Asabar, ranar da babu makaranta, yara talatin da ɗaya suka zo. Mahaifin Hajo ya aiko da jaki biyu ɗauke da gamba daga fadama. Aka sake hura wuta a kan falalen dutse don a sami duwatsun layi biyu, wannan karon rabin unguwa na tsaye suna jiran ƙarar. Maikuɗi ya dasa tushensa uku, sannan ya ƙi tafiya. Ya karɓe bakin tiyo ɗaya daga hannun jikansa, ya ce yaron hannunsa na rawa.

Babban ruwan ya zo ranar Laraba, sha tara ga Agusta, da hantsi, ana tsakiyar darasin lissafi na ƙarin karatun hutu. Malamin lissafin ya haƙura, domin ajin gaba ɗaya ya koma taga. Mijinyawa ya shigo a jiƙe ya tsaya bayansu. Ruwa ya sauko daga dutse ja wur, ya bugi layin sama, ya bazu. Ya tsallake, ya bugi na tsakiya, ya sake bazuwa. A bayan na uku ya tsaya kamar tafki, yana tsiyaya ta tsakanin duwatsu.

"Talla ya yi kwantai," in ji Hajo.

Da aka ɗauke, suka fita da rula. Ƙasar da ta taru a bayan layin sama inci huɗu ce, mai laushi, baƙa-baƙa. A da kwazazzabon ne ke shanye ta. Lukumanu ya cika kwalba da ita ya kai wa kakansa.

Awon Oktoba ya ba da taku goma sha bakwai da rabi tsakanin bango da ramin. Malam Barau ya zo da kansa ya ƙirga ƙullin igiyar, ya ce ajin zai zauna bana. Na baɗi, in ji shi, ya danganta da gambar.

Maikuɗi ya cire gyaɗarsa, ya yanke gambar a watan Nuwamba, ya saƙa zana shida. Saiwoyin bai taɓa su ba. Mai unguwa ya tambaye shi ko za ta zauna sau biyu, Mijinyawa sau ɗaya, amsar duka ita ce yana dubawa. A satin ƙarshe kafin hutun Disamba ya aiko Lukumanu ya karɓo masa tiyon da aka fitar da layukan da ita. Bai faɗi abin da zai yi da ita ba, kuma har aka rufe makaranta bai dawo da ita ba.